Ranar da Na Yi wa Motar 'Yan Sanda Kwalliya

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, wadda na tashi da niyyar taimaka wa garinmu na ɓuge da yi masa ɓarna da hannuna, cikin farar babbar riga kuwa. Har yau in abin ya faɗo mini a rai zama gagara ta yake yi, sai in miƙe in zagaya tsakar gida sau biyu, in leƙa zaure, in dawo. (Matata ta riga ta gane ciwon. Da ta ga na fara wannan zagaye sai ta ce, "Halan motag ga kat tuna?" Sai in ci gaba da zagayena.)

Garinmu ɗan ƙaramin gari ne tsakanin Bukkuyum da Gummi. Ba zan faɗi sunansa ba, abin da na jawo masa ya isa haka. Ni malamin firamare ne, shekara ashirin da 'yan kai ina riƙe da alli, kuma ni ne sakataren kwamitin zaman lafiya na gari. Kada ku ɗauka zaɓe na aka yi don hankali. Ranar da aka kafa kwamitin ni kaɗai na zo da biro.

Muna da ofishin 'yan sanda a bakin hanya, ɗaki biyu da rumfar kwano. 'Yan sanda uku ne a ciki, su ke da garin, su ke da ƙauyukan da ke kewaye da mu, su ke da rugagen Fulani har bakin daji. Babbansu Sufeto Bawa, mutumin Zuru, dogo, ba ya son yawan magana. Sai Kofur Isiya. Na ukun a lokacin yana kwance a gida, zazzaɓi ya kayar da shi. Suna da mota, in dai za a kira abin da ke ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta gaban ofishin mota. A-kori-kura ce da ta mutu tun kafin a kawo Sufeto garin. Tana zaune bisa duwatsu, ba taya ko ɗaya, ba inji a cikinta, tsatsa ta cinye mata ƙofa, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Abin da wannan yake nufi a wurinmu shi ne, in labari ya zo an tare mutane a hanyar kasuwa, ko an kora shanun wani, sai ka ga Sufeto tsaye bakin hanya da bindiga a kafaɗa yana ɗaga wa 'yan kabu-kabu hannu. Wani ya tsaya, wani ya kawar da kai, don shi ma yana da iyali. Kafin su isa wurin, sai dai su tarar da sawu. Gonakin nesa duk mun bar su. Gonar Innata ta ƙetaren rafi damina biyu ba a sa mata fartanya ba, kuma kullum sai ta yi mini zancenta.

To, sai saƙo ya zo cewa wani babban jami'in 'yan sanda zai taso daga Gusau ya zagaya ƙananan ofisoshi na yankinmu. An samu sabuwar mota guda ɗaya, garuruwa uku ke nema, mu da wasu biyu. Zai gani da idonsa, ya koma ya ce ga inda za a kai ta. Tun daga ranar da na ji wannan labari ban sake zama wuri ɗaya ba. Ina aji ina koyar da lissafi, hankalina yana kan mota. Ina sallah ina ganin ta an faka gaban ofis (Allah ya yafe mini).

Ranar Litinin Sufeto ya shirya zai tafi Gummi, inda aka ce shugabannin ƙananan ofisoshi su haɗu su taro baƙon su rako shi. Kafin ya hau kabu-kabu ya kira ni gefe.

"Malam," in ji shi, "ku share fili, ku kawo kujeru da ruwan sha. Shi ke nan. Kada a taɓa komai."

Na ce, "An gama, Yallaɓai."

A raina kuwa cewa na yi, Allah sarki, bawan Allah, ba ya son ɗora wa mutane nauyi. Ai bai san da wa yake magana ba. In akwai abu ɗaya da na ƙware a kansa a duniyar nan, tarbar masu duba aiki ne. Shekara ashirin ina yi. A makaranta in aka ce masu dubawa na tafe, mun san abin yi ba sai an faɗa ba: a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a aro benci daga makarantar maƙwabta, a toshe ramin bango, ajin da rufinsa ya yaye a kulle shi a ce sito ne. Makarantar da aka tarar tsaf ita ake yaba wa, ita ake tunawa in kaya sun zo. Wadda aka tarar a hargitse, hedimasta ya fara haɗa kayansa. Don haka lissafina ya fita sarai: babu mai ba ka sabuwar mota alhali ya ga yadda ka wulaƙanta tsohuwa. Kuma ban da wannan ma, ina mutuncin gari? Baƙo ya taso tun daga Gusau ya tarar da mu da gawar mota da kashin awaki?

Na fara da Sahabi direba, mai a-kori-kurar da ke ɗaukar mana buhuna zuwa kasuwar Gummi. Na tarar da shi ƙarƙashin motarsa, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Sahabi, tayoyinka nika so, duka huɗu. Kwana biyu kacal."

Ya fito da kansa ya dube ni. "Malam, lahiya kake? In ba ka tayoyi, ni in tahi kasuwa bisa mi?"

"Don gari na. In anka ba mu motag ga, wa za ya hi ka jin daɗi? Kai ka bin hanyar nan kullum da ranka ga hannu."

Ya san gaskiya na faɗa. Wata uku kafin nan an tare shi, ya bar motar ya shiga dawa da gudu. Ya ce, "To, amma Laraba da la'asar ina son abina." Na rantse masa.

Kofur Isiya ne ya so ya ba ni matsala. Da ya ga mun iso da tayoyi da jak da bokitai, ya fito daga rumfa yana gyara hula.

"Malam, Oga bai ce a yi wannan ba fa."

"Mun yi magana da shi," na ce.

(Mun yi magana da shi ɗin, ai ba ƙarya na yi ba. Abin da ya faɗa a maganar ne dai ban maimaita ba.) Kofur ya ciro waya zai kira shi, amma sabis ɗin garinmu sai ka hau tudun bayan makaranta, kuma shi kaɗai ne a ofis, ba dama ya bar wurin. Ya mayar da wayar aljihu ya koma ya zauna yana kallonmu.

Kwana biyu ban huta ba, ban bar kowa ya huta ba. Muka kori awaki, muka kankare tsatsa da yashi da tsumma, muka ɗaga motar muka ɗaura mata tayoyin Sahabi. Gilashin gaba da ya tsage na sa aka wanke shi har tsagin ya kusa ɓata. Fenti kuwa, akwai ragowar baƙin fentin allo a makaranta, na haɗa da fentin mai da Sahabi ya samo, na shafe ta tas. Na kawo fari na rubuta 'YAN SANDA a kowane gefe da rubutuna mai kyau, wanda nake ji da shi. Da na ja baya na dube ta, wallahi sai da ƙwalla ta taru mini. Ta fi motar Sahabi kyau nesa ba kusa ba.

Daga nan kaina ya ƙara yin zafi. Na ce mota kaɗai ba ta isa ba, dole a ga muna da mutane. Na bi 'yan banga gida-gida na ce kowa ya sa baƙaƙen kaya ranar Laraba ya zo ya yi layi. Na roƙi 'yan kabu-kabu shida su wanke baburansu su jera su gefen motar, su kuma su koma cikin jama'a kamar ba nasu ba. Na rubuta jawabin maraba shafi uku, na yage, na sake rubuta shafi huɗu.

Ranar Talata da yamma na biya gidan Inna in gaishe ta, hannuna duk baƙin fenti. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi kaka yi haka awa wanda anka koro?"

Na kwashe labari na ba ta, ina jiran yabo. Ta ci gaba da tsince wakenta.

"Shi baƙon, mi anka ce ya zo dubi?"

"Halin da muke ciki, Inna."

"To," ta ce. Ta koma kan wakenta. Na ɗauka tsufa ne, na yi mata sallama na fita, don akwai sauran aiki a gabana.

Da safen Laraba na ga fentin ya ɗan dushe, sai na ƙara mata hannu na biyu, mai kauri, don ta yi sheƙi sosai. Na ruga gida na yi wanka, na ciro farar babbar rigata ta Sallah. Kafin hantsi fili ya cika. Maigari na zaune a kujerar tsakiya, dattawa a gefensa, Fulanin rugage sun zo da sandunansu sun tsaya daga baya. Ni kuwa ina kai da kawowa, in gyara layin 'yan banga, in matsar da babur, in duba hanya, in duba jawabi, in sake duba hanya.

Sai bayan azahar suka iso, motoci biyu. Sufeto Bawa ne ya fara fitowa daga ta baya. Ina kallonsa lokacin da idonsa ya sauka kan motar. Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a cikin mota. Ya dubi tayoyin, ya dubi baburan, ya dubi layin mutane masu baƙaƙen kaya, sannan ya nemo ni da ido cikin jama'a. Ni kuma, don Allah ku ji, na ɗaga masa hannu ina murmushi. Na ɗauka daɗi ne ya hana shi motsi.

Baƙon mutum ne mai furfura, gajere, da ɗan littafi a hannu. Da gani ya gaji. Tun kafin ya zauna ya ce a taƙaita, don suna son su wuce wani yanki mai haɗari na hanyar kafin la'asar. Aka yi addu'a, Maigari ya yi maraba, aka ce sakatare ya yi jawabi. Na miƙe na gyara riga. Ban taƙaita komai ba. Na yabi gari, na yabi Maigari, na yabi haɗin kanmu. Sannan na iso wurin da na fi so, na nuna motar da hannu na ɗaga murya:

"Ranka ya daɗe, wannan mota da kake gani, da ta mutu. Amma mutanen garin nan ba su zauna jiran gwamnati ba. Mun tashi tsaye mun farfaɗo da ita. Ga babura, ga matasanmu a shirye dare da rana. Mu mutane ne da suka san darajar kayan hukuma!"

Aka tafa. Ni ma na ji a jikina cewa na yi magana.

Baƙon ya yi 'yan rubuce-rubuce a littafinsa, ya miƙe. Ya ce tun safe wannan ne wuri na farko da ya ga abin da ya faranta masa rai. Ya ce garin da suka fara zuwa ɗan sanda biyu ne, da ƙafa suke sintiri. Na biyun kuma motarsu ta ƙone, ƙarfen kawai ya rage. "Amma ku," in ji shi, "kun nuna abin koyi. Takardun da Sufeto ya yi ta aiko mana sun ce ba ku da abin hawa. Na gode wa Allah da na zo na ga an shawo kan matsalar. Kun rage mini aiki, yanzu tsakanin gari biyu zan zaɓa. Malam sakatare, Allah ya yi maka albarka."

Wasu suka fara tafi, suka ga ba a taya su ba, suka bari. Na ji wani Bafulatani daga baya yana tambayar na kusa da shi, "Mi yac ce? Ba a ba mu?" Gumi ya karyo mini tun daga tsakar ka. Na dubi Sufeto. Yana tsaye ƙiƙam a bayan ubangidansa, idonsa a ƙasa. Ba shi da bakin da zai ƙaryata sakataren gari a gaban Maigari, bayan an gama tafa masa.

Baƙon ya riga ya nufi motarsa. Ban san lokacin da na yar da jawabin na bi shi ba, rigata na harɗe ni.

"Ranka ya daɗe! Ranka ya daɗe, don Allah tsaya! Ba ta tashi!"

Ya juyo. "Mece ce ba ta tashi?"

"Motar. Ba ta da inji. Fenti ne kawai."

Na ga bai gane ba, ko bai yarda ba. Na ruga wurin motar, na rungumi bonet da hannu biyu na ɗaga, na danna ƙirjina a jikinta don ya tsaya. Ciki wayam, kana hango ƙasa ta ramin da inji ya kamata ya zauna. "Ka gani? Ka gani? Tayoyin ma na aro ne. Sahabi! Ina Sahabi? Zo ka kwance abinka!"

Sahabi kamar jira yake. Ya keto jama'a da jak a kafaɗa yana cewa, "Dama la'asar ta kusa." 'Yan kabu-kabu da suka ga haka, kowa ya zo ya hau babur ɗinsa ya tayar ya tafi, har wani ya tsaya ɗaukar fasinja a nan gaban baƙon. 'Yan banga suka dubi juna, layi ya watse. Cikin minti kaɗan duk abin da na yi kwana biyu ina haɗawa ya tarwatse, saura ni da motar.

Na saki bonet na juyo. A nan dariya ta fashe, ta fara daga mata can baya ta mamaye fili. Na dubi kaina. Farar rigar nan tun daga wuya har gwiwa ta zama baƙa, hannun riga baƙi, tafukana baƙi, kuma da na share gumi na shafa a fuska. Fentin safen nan bai bushe ba. Maigari ya rufe bakinsa da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

Baƙon bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya matso ya leƙa ramin injin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Malam, ɗazu a gaban mutanen nan ka ce kun gyara ta. Yanzu ka ce ba ta da inji. Bakinka ɗaya, magana biyu. In na koma aka tambaye ni abin da na gani a garin nan, wacce zan faɗa?"

"Ta biyun, ranka ya daɗe."

"Waɗancan garuruwan magana ɗaya suka yi mini," ya ce. Ya rufe littafinsa, ya shiga mota, suka tafi.

Jama'a suka watse, kowa na satar kallona. Na tsaya a wurin, ban san inda zan sa kaina ba. Sahabi na kwance tayoyi, yana mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Sufeto ya tako a hankali ya tsaya kusa da ni. Na so ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya sa yatsa ya taɓa fentin ya duba.

"Malam," ya ce, "shekara biyu ina kiwon tsatsar nan. 'Yan gwangwan masu neman tsohon ƙarfe sun zo saye na hana, an ce in ja ta bayan ofis na ƙi. Ita kaɗai ce shaidata."

Kunya na sha ji a rayuwata, amma ranar na san bambancin kunya da baƙin ciki, don su biyun suka haɗu mini.

Bayan wata guda aka kai motar ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu. Ban ce ba su cancanta ba, su ma 'yan'uwa ne, su ma suna binne nasu. Wataƙila ko ban yi abin da na yi ba can za ta tafi. Haka mutane ke faɗa mini in suna son su kwantar mini da hankali, ni ma haka nake faɗa wa kaina, amma ba ya hana ni zagayen tsakar gida. Inna ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Zancen gonarta ma ta daina yi mini, kuma na fi son lokacin da take yi.

Ana nan, wata Asabar da hantsi, labari ya zo an kora shanun wata ruga. Ina zaure na ji sallama. Sufeto ne, da bindiga a kafaɗa, Kofur a bayansa. Babu ɗan kabu-kabun da ya yarda ya tsaya musu.

"Malam, ara mini babur ɗinka."

Na miƙa masa makulli da hannu biyu. Da yamma ya dawo da shi, sun samo rabin shanun, ya miƙo mini makullin. Na ce ya riƙe. Ya dube ni, ya sa shi aljihu, bai yi godiya ba, ni ma ban jira ba. Yau shekara ta zagayo, babur ɗina ne abin hawan ofishin 'yan sandan garinmu. Ni kuma da ƙafa nake zuwa makaranta, in bi ta gaban motar nan safe da rana, tana bisa duwatsunta, baƙa wuluk, da rubutuna mai kyau a jikinta.

Abin da na koya kaɗan ne, amma na riƙe shi gam. Yanzu in baƙo ya sauka a garinmu ya ce mini "Ya kuke?", ba na saurin cewa lafiya lau. Sai na fara tambayarsa abin da ya zo rabawa.